Kasafin ilimi da ƙwazon ɗalibi: ina kuɗin ke tsayawa kafin su isa aji?

Duk lokacin da aka zo maganar kasafin ilimi, mutane kan rabu gida biyu. Malamai da iyaye su ce a ƙara kuɗi, makarantu sun lalace. Masu riƙe da baitulmali su ce an sha ƙarawa ba a ga komai ba, don haka matsalar ba ta kuɗi ba ce. Kowane ɓangare yana da abin nunawa, kuma ba ƙarya yake yi ba. Akwai inda aka ƙara kuɗi yara suka tashi da ilimi da abin yi, akwai kuma inda aka zuba ninkin wancan aka tashi a tutar babu. Masana sun shafe kusan shekara sittin suna bin diddigin dalilin wannan bambanci, kuma yau an san abubuwa da dama da ba a sani ba a da.

Muhawarar ta samo asali ne daga Amurka. Dokar 'yancin jama'a ta 1964 ta umarci gwamnati ta binciki yadda farare da baƙaƙen fata ke samun damar karatu. Aka ɗora aikin a kan James Coleman na Jami'ar Johns Hopkins, shi da abokan aikinsa suka tattara bayanan ɗalibai fiye da 600,000. An zaci rahoton zai ce 'ya'yan baƙaƙe suna baya ne saboda an hana makarantunsu kuɗi da kayan aiki. Da ya fito a 1966 sai ya zo da wani zance daban: gine-gine da ɗakunan karatu da yawan kuɗin da ake kashewa ba su ne suka fi bayyana bambancin sakamako ba; abin da ya fi tasiri shi ne gidan da yaro ya fito da irin yaran da yake zama da su a aji. A 1986 masanin tattalin arziki Eric Hanushek ya tara binciken da aka yi har zuwa lokacin, ya ce babu wata alaƙa mai ƙarfi da za a dogara da ita tsakanin yawan kuɗi da sakamakon ɗalibai. Wannan magana ta yi tafiya mai nisa, ta wuce inda mai ita ya tsaya, har ta zama garkuwar duk wanda ke son rage wa ilimi kaso.

Amma akwai lauje cikin naɗi a yadda ake auna abin. Gwamnatoci da yawa suna tura ƙarin kuɗi ne zuwa makarantun da ke da matsala tun farko: masu 'ya'yan talakawa, masu yara masu buƙata ta musamman, masu yaran da ba sa jin harshen koyarwa. Wanda ya jera makarantu ya kwatanta kuɗi da sakamako zai tarar da masu kuɗi da yawa a ƙasan jeri, sai ya ce kuɗi ba ya aiki. Kamar mutum ne ya shiga asibiti ya lissafa, ya ga waɗanda aka fi kashe wa kuɗin magani su ne suka fi jin jiki, sai ya yanke cewa magani ba ya warkarwa. A ɗaya gefen kuma, unguwar masu hali tana da makaranta mai kuɗi da yara masu cin jarrabawa, amma ba a san ko makarantar ce ta yi aikin ko gidajen ba. Ta kowace fuska, kwatance kai tsaye yana ɓatar da mai lissafi. Abin da ake buƙata shi ne wani yanayi da kuɗi zai ƙaru saboda dalilin da bai shafi halin yaran ba.

Kotuna ne suka samar da wannan yanayi ba tare da niyya ba. A Amurka kaso mai yawa na kuɗin makarantu yana fitowa ne daga harajin gidaje da filaye na gundumar da makarantar take, don haka gundumar masu arziki tana tara kuɗi cikin sauƙi, ta talakawa kuwa ko ta ɗaga haraji ba ta kamo ta. A 1971 kotun ƙolin jihar Kalifoniya ta ce wannan tsari ya saɓa wa adalci. A 1973 Kotun Ƙolin Amurka, da rinjayen alƙalai biyar a kan huɗu, ta ƙi shiga maganar, sai masu ƙara suka koma kotunan jihohi ɗaya bayan ɗaya. A 1989 kotun jihar Kentaki ta rushe tsarin makarantun jihar gaba ɗaya ta ce a sake. Da yake hukunce-hukuncen sun zo a shekaru daban-daban a jihohi daban-daban, sai aka samu yara biyu 'yan gunduma ɗaya, masu gida iri ɗaya, ɗaya ya gama makaranta kafin kuɗin su zo, ɗaya ya shiga bayan sun zo.

Masu bincike Kirabo Jackson da Rucker Johnson da Claudia Persico sun bi rayuwar irin waɗannan yara, waɗanda aka haifa tsakanin 1955 da 1985, har suka girma, suka wallafa sakamakon a 2016. Sun gano cewa idan aka ƙara kashi 10 cikin 100 a kan abin da ake kashe wa kowane ɗalibi, kuma ƙarin ya ɗore tsawon shekara 12 na karatu, ɗan talaka yakan ƙara kusan rabin shekara a makaranta, abin da yake samu idan ya girma ya ƙaru da kusan kashi 10 cikin 100, yiwuwar ya zauna cikin talauci kuma ta ragu da kusan mutum shida cikin kowane ɗari. Ga 'ya'yan masu hali tasirin kaɗan ne. Kuɗin kuma sun tafi ne a kan rage cunkoso a aji, gyara albashin malamai da tsawaita kwanakin karatu. A 2024 Jackson da Claire Mackevicius suka haɗa binciken da aka yi da irin wannan hanya mai tsauri, suka tarar ƙarin dala 1,000 ga kowane ɗalibi na tsawon shekara huɗu yana ɗaga makin jarrabawa kaɗan, yana kuma ƙara yawan masu shiga jami'a da kusan mutum uku cikin kowane ɗari.

A nan akwai abin lura da ake yawan tsallakewa. Tasirin kuɗi a kan makin jarrabawa ƙarami ne, amma tasirinsa a kan gama makaranta da samun abin yi babba ne. Jarrabawa tana auna lissafi da karatu na wannan shekarar. Ba ta auna yaron da ya kusa barin makaranta amma ya zauna saboda an samu malamin da ya san sunansa, ya lura da ranar da bai zo ba. Duk wanda ya yanke wa kasafin ilimi hukunci da sakamakon jarrabawar shekara ɗaya ya duba ɓangare mafi ƙanƙanta na abin da kuɗin suka saya.

Sai dai masu shakka su ma suna da labarin birnin Kansas na jihar Misuri, kuma labari ne da bai kamata a ɓoye ba. Daga 1985 wani alƙalin tarayya, Russell Clark, ya tilasta a kashe kuɗi a makarantun birnin domin gyara ɓarnar wariyar launin fata. Cikin shekara goma sha wani abu aka kashe kusan dala biliyan biyu. Aka gina sababbin makarantu, da tafkin ninƙaya irin na gasar Olamfik, da ɗakin kallon taurari. Manufar ita ce a jawo 'ya'yan farare da suka koma bayan gari su dawo. Ba su dawo da yawa ba, makin jarrabawa bai tashi yadda aka yi fata ba, tazarar da ke tsakanin yaran ta tsaya inda take, kuma a 2000 jihar ta janye amincewarta da makarantun gundumar. Idan aka duba da kyau, an tsara kuɗin ne domin su burge wanda ke waje, abin da ke faruwa tsakanin malami da ɗalibi a cikin aji kuwa bai sauya sosai ba. Ba kuma duk gini ne ɓarna ba. Binciken baya-bayan nan a Amurka ya nuna gyaran iska da sanyaya aji da kawar da gurɓatattun abubuwa daga gini suna ɗaga sakamako, filayen wasa masu tsada kuwa suna ɗaga farashin gidajen unguwa ne kawai. Wani binciken a kan ɗalibai kusan miliyan goma ya nuna shekarar da ta fi zafi yara sukan koyi ƙasa da yadda suka saba, sai a makarantun da ke da na'urar sanyaya ɗaki.

Ko abu mai kyau ma yana iya lalacewa wajen aiwatarwa. A 1985 jihar Tenesi ta raba yara fiye da 11,000 a makarantu 79 ta hanyar ƙuri'a, wasu zuwa aji mai ɗalibi 13 zuwa 17, wasu zuwa mai 22 zuwa 25. 'Yan ƙaramin aji suka fi, musamman 'ya'yan talakawa da na baƙaƙen fata. Kalifoniya ta ga haka, a 1996 ta sa kuɗi a rage ajujuwan farko zuwa ɗalibi 20 a faɗin jihar cikin gaggawa. Nan take aka buƙaci dubban sababbin malamai. Ƙwararru suka bar makarantun talakawa suka koma inda guraben suka buɗe a unguwanni masu daɗi, aka cike gurbinsu da waɗanda ba su gama samun takardar koyarwa ba, wasu makarantun har ɗakin karatu suka mai da aji. Yaran da aka fi so a taimaka su ne suka rasa malamansu.

Duk wannan labarin ƙasa mai arziki ne, inda ake gardama a kan ko a ƙara dala dubu a kan dubu goma sha wani abu. Jarrabawar ƙasa da ƙasa ta PISA da ƙungiyar OECD ta ƙasashe masu ƙarfin tattalin arziki ke yi wa 'yan shekara 15 tun 2000 ta nuna cewa alaƙar kuɗi da sakamako tana da gaɓa. A rahoton 2022, ƙasashen da ke kashe ƙasa da kusan dala 75,000 a kan ɗalibi daga shekara 6 zuwa 15, duk ƙarin kuɗi yana tafiya da ƙarin maki a fili. Sama da wannan gaɓa alaƙar tana yin rauni. Shi ya sa a jarrabawar 2018 Istoniya ke gaban Luksambo duk da Luksambo ta fi ta kashewa nesa ba kusa ba. Akwai kuma masu ba da mamaki kamar Biyetnam, wadda a 2012 ta doke Amurka da Birtaniya a lissafi alhali ba ta kama ƙafarsu a arziki ba. Abin da ya dame ni shi ne yadda ake ɗauko maganar da ta dace da saman gaɓar a yi wa'azi da ita a ƙasashen da ko kusa da gaɓar ba su je ba. Mafi yawan yaran duniya suna can ƙasa ne. Bankin Duniya da abokan aikinsa sun ƙiyasta a 2022 cewa kashi 70 cikin 100 na 'yan shekara goma a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin hali ba sa iya karanta ɗan gajeren labari su fahimta, a Afirka kudu da Sahara kuwa kusan tara cikin goma ne. A taron Incheon na Koriya ta Kudu a 2015 ƙasashe sun amince su ware wa ilimi kashi 4 zuwa 6 cikin 100 na arzikin da suke samarwa, ko kashi 15 zuwa 20 na kasafinsu, kuma da yawa ba su cika ba. Ko waɗanda suka cika, kashi 20 na ƙaramin kasafi da za a raba wa yara masu yawa ba ya zuwa ko'ina.

Inda babu makaranta kwata-kwata, amfanin kuɗi ba abin gardama ba ne. Indunusiya ta gina makarantun firamare fiye da 61,000 tsakanin 1973 da 1978 da kuɗin man fetur, kuma masaniyar tattalin arziki Esther Duflo ta nuna a 2001 cewa yaran yankunan da suka fi samun makarantun sun fi daɗewa a karatu, sun kuma fi samun albashi da suka girma. Da Yuganda ta soke kuɗin makarantar firamare a 1997, yawan ɗalibai ya tashi daga kusan miliyan uku zuwa fiye da miliyan biyar cikin shekara ɗaya. Shigar da yaro makaranta abu ne da kuɗi ke yi cikin sauri. Koyar da shi bayan ya shiga shi ne inda ake shan wahala, domin kafin kuɗi su zama ilimi sai sun ratsa hannuwa da yawa, kuma a kowane hannu suna iya maƙalewa.

Wuri na farko shi ne hanya. A tsakiyar shekarun 1990 aka bi sawun tallafin da gwamnatin Yuganda ke aika wa makarantun firamare gwargwadon yawan ɗalibansu. Ritva Reinikka da Jakob Svensson suka gano cewa tsakanin 1991 da 1995 kashi 13 cikin 100 ne kacal ke isa makarantu, sauran suna narkewa a ofisoshin gunduma, kuma makarantu da yawa ko sisi ba su gani ba. Shugaban makaranta bai ma san an turo masa wani abu ba, balle ya tambaya. Gwamnati ta fara buga abin da ta aika wa kowace gunduma a jaridu duk wata, ta kuma ce kowace makaranta ta manna abin da ta karɓa inda iyaye za su gani. Zuwa 2001 fiye da kashi 80 na isa, kuma makarantun da ke kusa da inda ake sayar da jarida su suka fi amfana. Da a ce wani ya kwatanta kasafin 1993 da sakamakon yara, da ya ce kuɗi ba sa aiki, alhali yaran ba su taɓa ganinsu ba.

Wuri na biyu shi ne malami, wanda albashinsa ke cinye mafi yawan kasafin firamare kusan ko'ina. A 2002 da 2003 masu bincike sun kai ziyarar ba-zata makarantu a ƙasashe shida. A Indiya malami ɗaya cikin huɗu ba ya nan, a Yuganda kashi 27 cikin 100, kuma cikin waɗanda suke nan ma ba kowa ke aji yana koyarwa ba. Ba duka laifin malamai ba ne, domin hukuma da kanta takan janye su zuwa wasu ayyuka. Amma ga yaron da ke zaune yana jira, dalili bai sauya komai ba.

Sai batun albashi, wanda ya kamata a yi shi da hankali. A 2005 Indunusiya ta yi dokar da ta ninka albashin malamin da ya samu takardar ƙwarewa. Aka yi gwaji a makarantu 360, aka gaggauta wa wasu malaman samun ƙarin ta hanyar ƙuri'a. Bayan shekara biyu zuwa uku, malaman sun fi samun kwanciyar hankali, sun rage neman aiki na biyu, sun rage kukan rashin kuɗi, amma ɗalibansu ba su fi sauran ba ko kaɗan. Wasu sukan ɗauki wannan su ce biyan malami da kyau asara ne. A ganina sun wuce gona da iri. Gwajin ya auna malaman da suke cikin aikin ne, waɗanda aka ninka musu albashi ba tare da an sauya horonsu ko kulawar da ake musu ko abin da ake nema daga gare su ba. Bai auna irin mutanen da albashi mai kyau zai jawo cikin aikin nan da shekara goma ba, kuma bai ce komai a kan malamin da ke bin bashin albashin wata uku ba. Abin da ya nuna shi ne albashi shi kaɗai ba ya koya wa malami hanyar da bai sani ba.

Wuri na uku, wanda a wajena ya fi kowanne muhimmanci, shi ne ko abin da aka saya ya dace da yaron da ke ajin. A yammacin Kenya a shekarun 1990 an raba littattafan karatu a makarantun karkara inda ɗalibai da yawa ke taruwa a kan littafi ɗaya. Ba a taɓa tunanin wannan zai kasa ba. Paul Glewwe da Michael Kremer da Sylvie Moulin suka auna, sai ga shi matsakaicin maki bai motsa ba. Waɗanda suka amfana su ne 'yan gaban aji tun asali. Littattafan da Turanci aka rubuta su, harshe na uku ga yawancin yaran bayan harshen gida da Suwahili, kuma an tsara su ne daidai da manhajar da ta ɗauka cewa kowa yana tafiya tare. A ɗauki yarinya 'yar aji huɗu da aka miƙa wa sabon littafi. Ta buɗe shafin da malam ya ce, ta ɗora yatsa a layin farko, ta gane harafi amma kalmar ba ta haɗu ba. Malam ya karanta, aji ya maimaita, ita ma ta buɗe baki tare da su. A takarda an cika komai: an fitar da kuɗi, an sayo littafi, an raba, yarinya ta halarci aji. Abin da take buƙata, wato wanda zai zauna da ita ta iya haɗa baƙi da wasali, ba ya cikin lissafin kowa. Irin wannan ce ta faru a Peru, inda gwamnati ta sayi ƙananan kwamfutoci ɗaruruwan dubbai ta raba wa yara, suka iya sarrafa na'urar, amma lissafi da karatu ba su ƙaru ba.

Iyaye ma suna cikin lissafin. A jihar Andhra Pradesh ta Indiya da kuma Zambiya an ga cewa tallafin da ya zo ba zato yana ɗaga sakamako, amma da iyaye suka san zai riƙa zuwa sai suka rage abin da suke kashewa a kan littafin rubutu da alƙalami. Wannan sauƙi ne ga talaka, ba abin zargi ba ne, sai dai yaron bai samu ƙari ba. Kuɗin gwamnati sun fi tasiri idan suka sayi abin da uba ba zai iya saya a kasuwa ba, kamar lokacin malami da ƙwarewarsa. A Tanzaniya ƙungiyar Twaweza ta yi gwaji a makarantu 350: tallafi shi kaɗai bai ɗaga sakamako ba, amma da aka haɗa shi da lada ga malaman da ɗalibansu suka iya karatu da lissafi, sai aka ga ci gaba a fili.

Abin ƙarfafa gwiwa shi ne hanyoyin da suka yi aiki ba su ne mafi tsada ba. Ƙungiyar Pratham a Indiya ta ɗauki 'yan mata da suka gama sakandare a unguwannin Vadodara da Mumbai, ta horar da su na mako biyu, kowace ta riƙa ɗaukar yara kusan 20 da aka bari a baya tana koya musu tushe na sa'a biyu kullum. Mafi rauni su suka fi ci gaba. Daga nan aka samo hanyar raba yara gwargwadon abin da suka iya maimakon shekarunsu, wadda ƙasashe da dama suka ɗauka daga baya. Sai dai rahusa ba kyauta ba ce: horo, kayan aiki da masu zagayawa su duba duk kuɗi ne, kuma su ne farkon abin da ake yankewa idan albashi ya cinye kasafi.

Birazil ta nuna yadda ake haɗa abubuwan biyu. A 1996 ta kafa asusun da ke sa kuɗi su bi yawan ɗalibai, tare da mafi ƙarancin abin da za a kashe wa kowane yaro a duk inda yake, aka kuma ware kashi 60 cikin 100 ga albashin malamai. Wannan ya ɗaga yankin arewa maso gabas mai fama da talauci. A can ne garin Sobral na jihar Ceará ya gwada yaransa a farkon shekarun 2000 ya tarar kusan rabin 'yan aji biyu ba sa iya karatu. Ya sa buri ɗaya a gaba, kowane yaro ya iya karatu da wuri. Ya daina naɗa shugabannin makarantu don siyasa. Ya riƙa gwada yara akai-akai yana bin wanda ya makara. Zuwa 2015 Sobral ne kan gaba a ma'aunin firamare cikin ƙananan hukumomin ƙasar fiye da 5,500. Jihar kuma a 2007 ta ɗaura wani kaso na harajin da take raba wa ƙananan hukumomi a kan ci gaban karatun yara, ta haɗa da horo da kayan koyarwa, don kada a ce wa magajin gari ya yi abin da ba a nuna masa yadda ake yi ba. Ɗaura kuɗi a kan sakamako yana da haɗarinsa idan aka yi shi da barazana: a birnin Atlanta na Amurka matsin lamba ya kai malamai ga gyara amsoshin yara, har kotu ta samu 11 da laifi a 2015.

Bayan yawan kuɗi da yadda ake kashe su, akwai tambayar wa ke samu. Rahoton UNICEF na 2023 ya nuna cewa a ƙasashe matalauta kashi ɗaya cikin biyar na ɗalibai mafi talauci suna cin moriyar kashi 11 cikin 100 na kuɗin ilimi na gwamnati, kashi ɗaya cikin biyar mafi arziki kuwa suna samun kashi 42. Ba sai an yi sata hakan ke faruwa ba. Ɗalibin jami'a ya fi na firamare tsada ninki-ba-ninki, kuma ɗan talaka ba kasafai yake kaiwa jami'a ba. Malamai sun fi taruwa a birni, albashinsu kuma yana bin su. Tunda bincike da dama ya nuna ƙarin kuɗi ya fi tasiri a kan ɗan talaka, wannan rabo ya saɓa wa adalci ya kuma saɓa wa tattali a lokaci guda. Ingila ta bi ta wata hanya a 2011, inda ta fara ba makaranta ƙarin kuɗi a kan kowane ɗalibi da ya fito daga gida mara ƙarfi.

Sai batun lokaci. Tasirin da Jackson da abokansa suka auna na ƙarin da ya ɗore shekara 12 ne, ba na shekara ɗaya ba, kuma yankewa tana ɓarna kamar yadda ƙari ke gyara: bayan durƙushewar tattalin arziki ta 2008, jihohin Amurka da suka fi rage kasafin makarantu sun ga raguwar maki da ta masu shiga jami'a. Bayan annobar korona gwamnatin Amurka ta ba makarantu kusan dala biliyan 190, da wa'adin da ya ƙare a Satumban 2024. Binciken da aka yi a 2024 ya nuna kuɗin sun taimaka wajen farfaɗo da lissafi, musamman a gundumomin talakawa, amma ba su cike giɓin ba. Shugaban makarantar da ya san kuɗin na ɗan lokaci ne ba zai so ya ɗauki malamin dindindin da su ba, domin bai san da me zai biya shi baɗi ba. Zai fi karkata ga gyaran gini da sayen na'urori da kwangilar masu ƙarin darasi na wucin gadi. Da wa'adin ya cika, gundumomi da yawa suka fara rufe waɗannan shirye-shirye, alhali yaran da annobar ta same su a ajin farko ko sakandare ba su kai ba.